Neman Likita a Bayan Ganuwa

Tun ranar da Dakta Paysen ya ce ƙarshen watan Yuni zai rufe ɗan asibitinsa ya huta, Telse Nommensen ba ta sake cin abinci ta ji daɗinsa ba. Shekara talatin da takwas yana duba mutanen Tadenskoog da ƙauyuka huɗu na kewaye, yanzu hannunsa ya fara rawa, babu mai ganin laifinsa. Sai dai in ya rufe ba a samu magaji ba, likita mafi kusa sai an yi tafiyar minti arba'in a mota, shi ma in iska ta bari. Telse ce shugabar ƙauyen, don haka neman likita ya hau kanta. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba ta buɗe baki ta faɗa wa kowa ba shi ne, zuciyar mijinta Broder ta gaji. Ƙafafunsa na kumbura, sai an duba shi sau biyu a mako. 'Yarsu Levke kuwa ta riga ta yanke hukunci ta waya: ranar da asibitin ya rufe, ranar za ta zo ta kwashe su zuwa birnin Hamburg, bene hawa na shida, inda ta samo musu gida kusa da ita. Broder fa! Mutumin da aka haifa a bayan ganuwar teku, wanda ba ya iya karyawa da safe sai ya hau ya ga ko ruwa ya tafi ko ya dawo. Telse ta san ko wata shida ba zai yi a can ba.

Wata bakwai ana cigiya a jaridun likitoci. Mutum biyu suka kira, suka ji inda ƙauyen yake, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ta ukun ce ta ce za ta zo ta gani da idonta, wata Dakta Afra Zengerle, 'yar can kudu inda duwatsu suka tokare sama.

Ana gobe za ta zo, sai ga Ocke Feddersen, tsohon malamin makaranta, ya shigo wa Telse da takarda shafi huɗu. Ocke shi kaɗai ne mai surutu a garinmu, har yau ana zargin an yi musayarsa a asibitin haihuwa.

"Ga shi," in ji shi. "Jihar gaba ɗaya na zuba a ciki. Ki karanta mata a mota."

"In yi tuƙi ko in yi karatu?"

"To haddace mana, ke da ƙwaƙwalwarki ke ja."

Ta sa tabarau ta duba. Ocke bai bar komai ba. Jihar da teku biyu suka sa a tsakiya, na yamma mai tafiya ya dawo sau biyu a rana, na gabas mai kwanciyar hankali. Baƙar ƙasa mai maiƙo ta nan yamma da kakanni suka ƙwato daga bakin ruwa taku bayan taku, yashi a tsakiya, tuddai da tafkuna a gabas. Mashigin da aka haƙa daga teku zuwa teku, manyan jiragen duniya na ratsa gonaki shanu na kallonsu. Kabeji, madara, jatan lande, da iskar da muka kama muka mayar lantarki muna aika wa 'yan kudu. Mutane masu yare uku huɗu a ƙasa ɗaya, ba mai hana wani nasa.

"Duk gaskiya ne," ta ce. "Amma Ocke, wa ke faɗin irin wannan da bakinsa?"

To ga cutarmu nan, kuma gara in faɗa tun yanzu. Mu mutanen gaɓar nan ba mu iya yabon abinmu ba, ba mu iya roƙo ba. Abinci ya yi daɗi har kunne na motsi, sai mu ce ana iya ci. Baƙo ya yaba gidanka, wajibi ne ka kai shi ka nuna masa inda rufi ke yoyo, in ba haka ba ka zama mai cika baki, kuma a nan gara a ce maka ɓarawo. Ni kaina haushin halin nan nake ji, amma ina son mutanen da ke da shi, don ban taɓa ganin wanda suka yaudara ba.

Washegari da hantsi Telse ta tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Husum, takardar Ocke a jaka. Kafin ta fito ta ja wa Broder kunne: ya zauna a gida, kada ya kuskura ya je gidan cin abinci inda za a tarbi baƙuwa. Ba za a ce shugabar gari ta ɗauko mijinta marar lafiya ta ajiye a gaban likita kamar ƙoƙon bara ba.

Likitar ta sauko, 'yar gajeruwa, kot ja, takalma farare fes, baki kuwa kamar an kunna rediyo. Ta kama hannun Telse da hannu biyu, ta ce ta yi murna matuƙa, tafiyar ta yi daɗi, ta ga wata gada mai tsawo a kan mashigin nan, ta ga jirgin ruwa a ƙarƙashinta.

"Moin," in ji Telse. Gaisuwar ke nan gaba ɗayanta, safe da rana da yamma.

Suka kama hanya. Ranar kuwa kamar an roƙa: ƙarshen Afrilu, sama wasai, gonaki sun fara rawaya, 'yan raguna na tsalle ko'ina.

"Kai, Frau Nommensen, dubi sama! Ban taɓa ganin sama mai faɗin wannan ba," in ji likitar. Frau a nan kamar a ce uwargida ne, Herr kuwa maigida.

"Yau ne. Shekaranjiya ruwan sama a kwance yake zuwa."

"Waɗancan injinan iskar fa, na kamfani ne?"

"Na ƙauye ne. Suna da ƙara in iska ta juyo."

Da kuɗin lantarkinsu aka samar da makarantar renon yara da wurin iyo da motar da ke kai tsofaffi kasuwa kyauta, yana nan a shafi na uku, amma ko kusa bai fito daga bakin Telse ba.

"Ni fa 'yar dutse ce. Kuna da inda mutum zai hau?"

"Akwai wani tudu can gabas, mita ɗari da sittin da 'yan kai. Kada ki ɓata man motarki."

Likitar ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da ta ga fuskar Telse ko gezau, sai dariyar ta koma ciki. Telse ta san tana ɓata lamarin. Tana ji a jikinta. Sau biyu ta buɗe baki za ta fara da teku biyu, harshen ya ƙi. Abin da ya fito a na ukun shi ne, a watan Disamba ƙarfe huɗu duhu ya rufe.

Sun shiga hanyar da ke bin gindin ganuwa ke nan, Telse ta taka burki har jakar likitar ta faɗo. Ta fice ta haura shinge ta kama hawa. Can a gangaren ciyawa wata tunkiya ce kwance a bayanta, ƙafafu huɗu a sama, hankaki biyu sun sauka kusa suna jira. Sai ta ji haki a bayanta: likitar ce ta biyo ta da fararen takalmanta.

"Ta mutu?"

"Saura kaɗan. Ga ciki, ga gashi ya sha ruwa. Ta juya za ta sosa baya, ta kasa tashi. Kama nan, wajen kafaɗa. In na ce tura, ki tura."

Suka cusa hannu cikin gashin, suka tura. Tunkiyar ta yi nauyin buhun siminti biyu. A karo na biyu ta mirgina, ƙafar likitar ta zame, ta zauna daɓas cikin taɓo da kashin tumaki har ƙugu. Tunkiyar ta miƙe tana tangaɗi, ta tsaya ta yi fitsari mai tsawo, ta yi gaba abinta ko waiwaye.

"Taki ce?" in ji likitar daga inda take zaune.

"Ta Momme Ketelsen ce. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji da shi, kan wani shinge."

"Amma kika tsaya."

"Tunkiyar ta yi mini wani abu ne? Su ke cin ciyawar nan su tattake ƙasar ta yi tauri. In babu su, tekun nan a ɗakina zai kwana."

Likitar ta miƙe ta ƙarasa hawa ganuwar. Ruwa ya tafi, sai laka mai sheƙi har iya ganin ido, tsuntsaye dubbai, can nesa gidaje uku huɗu a kan tuddansu kamar suna yawo a iska. Ta juya ta dubi ƙauyen a ƙasa, ta auna da ido, ta gane rufin gidajen da kaɗan ya fi inda take tsaye.

Yanzu fa ba yadda za a kai mace gaban jama'a da wannan wando. Gidan da ya fi kusa kuwa na Telse ne. Ta so ta yi wata dabara, ba ta samu ba, ta juya kan mota tana cizon leɓe.

Broder na kicin a kan kujerarsa. Ya dubi matarsa, ya dubi baƙuwar, ya dubi taɓon.

"Ta wa?" ya ce.

"Ta Momme."

"Hm." Ya dafa tebur ya miƙe ya ɗora ruwan kofi.

Likitar ta wanko jiki ta fito cikin wandon Telse, an naɗe ƙafar sau uku. Ta zauna tana shan kofi, amma idonta ba ya kan kofin. Ta ga yadda ya huta tsakanin murhu da tebur, taku huɗu kacal. Ta ga silifas ɗin da aka tsaga da wuƙa don ƙafa ta shiga.

"Herr Nommensen, ya numfashin?"

"Yana shiga yana fita."

"Ƙafafun fa?"

"Har yanzu biyu ne."

"Lafiyarsa lau," Telse ta katse, da sauri har ta ba kanta kunya. "Tsufa ne kawai. Frau Dakta, mu je, ana jiranmu."

Suka biya asibitin. Dakta Paysen ya nuna ɗakuna uku masu tsabta da gidan sama mai kallon ganuwa, ya kuma ƙara da cewa tagar bayan tana shigo da iska. Shi ma namu ne, me za a yi masa.

A gidan cin abinci mutum talatin ne tsaye cikin kayan zuwa coci. Wanda ya san garin zai san ba a taɓa yi wa wani irin wannan tarba ba. Tade mai jirgin jatan lande ya bar ruwa ya tafi ba tare da shi ba, ranar kamu guda ta tafi a banza. Momme ya baro tumaki ɗari uku a tsakiyar haihuwa. Tsohuwa Göntje ta tashi da asuba ta yi kek kala biyar. An jera kifi mai hayaƙi da baƙin burodi da jatan lande da aka ɓare da hannu tun safe. Amma likitar ina za ta san wannan? Abin da ta gani shi ne mutum talatin sun ce "Moin" baki ɗaya, sannan suka zuba wa faranti ido.

Ocke ya lura takardarsa ba ta yi aiki ba, ya miƙe ya gyara murya. "Jiharmu, wadda teku biyu..."

"Zauna, malam, kifi na jira," wani ya ce daga baya. "Mun gama makaranta tun tuni."

Aka yi 'yar dariya, ya zauna. Likitar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Ya jiki? Ba laifi. Akwai masu ciwon da ke buƙatar kulawa? Nan da can. To in ba a samu likita ba, ya za ku yi?

"Za mu yi maneji," in ji Tade.

"Kakanninmu ma ba su da likita," in ji Momme, "kuma duk sun mutu lafiya."

Ta yaba kek ɗin Göntje, tsohuwar ta ce ai ya ɗan ƙone ta ƙasa, ta ɗaga ta nuna mata. Telse na gefe tana kallo, ranta na ƙuna. Tana alfahari da su har wuya, kuma tana jin kamar ta bi su da mari ɗaya bayan ɗaya, ta fara da kanta.

A hanyar komawa tasha rediyon nan ya mutu. Sai da suka tsaya a bakin dandamali, saura minti shida jirgi ya iso, likitar ta yi magana.

"Frau Nommensen, ba zan ɓoye miki ba. Ƙasarku ta shiga raina. Abin da na gani a kan ganuwar nan ba zan manta ba. Amma na bar babban asibiti ne don na gaji da zama inda in na tafi yau gobe wani ya maye gurbina ba wanda ya lura. Akwai wani gari a kudu, shugabansu har hawaye ya yi mini. Ku kuwa, Allah ya ba ku lafiya da ƙarfin hali. Mutum talatin na tambaya, ba wanda ya ce yana buƙatata. Ina ganin ku za ku iya ba tare da ni ba."

Ta miƙo hannu. Telse ta dubi hannun. Shekara sittin da uku a duniya ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, ko gishiri. Lokacin da ruwa ya cinye musu rumbu, ita da Broder suka sake ginawa ba su ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, maƙwabta ne suka zo da kansu da guduma, ba wanda ya ce komai, haka ake yi. Sai ta tuna hawa na shida.

"Ƙarya muka yi miki," ta ce. "Dukanmu. Mijina zuciyarsa ce. In kika tafi, 'yata za ta kai shi Hamburg, can zai mutu yana kallon bangon wani. Göntje mai kek tana da ƙullutu a nono, wata uku ta ƙi zuwa birni don ba mai ba kajinta abinci. Tade ciwon suga, yatsa ɗaya ya riga ya tafi. Matar Momme ba ta gane shi wani lokaci, shi ke yi mata wanka tsakanin haihuwar tumaki. Ba za mu iya ba. Wallahi ba za mu iya ba. Ina roƙonki."

Hawaye suka zubo mata a gaban mutanen tasha, ba ta ko share ba. Kunya ta kama ta kamar an tuɓe ta a kasuwa.

Likitar ta sauke hannunta. Fuskarta ta yi ja, kuma ba tausayi ba ne, fushi ne.

"Na ga ƙafafunsa ai! Kin zaci makauniya ce ni? Na tambaya, kika ce tsufa ne. Na ce to, matar nan ba ta yarda da ni ba, tana jiran wani likitan da ya fi ni. Yini guda ina cewa ba ku so na!"

"Tade ya bar kamun rana guda saboda ke."

"To wa ya gaya mini? Haba, Frau Nommensen! Haba!"

Jirgin ya shigo, ƙofofi suka buɗe. Likitar ta ɗauki jakarta ta hau, Telse na kallo. Sai ta ga ta juyo ta tsaya a bakin ƙofa, ta tokare ta da ƙafa.

"Shekara ɗaya," ta ce. "Daga farkon Yuli. In hunturunku bai kashe ni ba, sai mu sake zama. Kuma da sharaɗi: watan farko ke za ki zauna a gefena, duk wanda ya ce ba laifi ki gaya mini abin da ke damunsa. Ita kuma mai kek, gobe ki sa ta a mota ki kai ta birni, ko da ɗaure ta za ki yi. Ki ba kajin abinci da kanki."

Ƙofar ta rufe. Telse ta tsaya har jirgin ya ɓace, sannan ta zauna a benci ta fyace hanci da kyau.

Rana ba ta faɗi ba ta iso gida. Broder ba ya kicin. Ta zagaya baya ta same shi zaune a kan bokiti a bakin rumbu, ƙofa a buɗe. A ciki akwatuna shida ne na irin dankali, sun yi tsiro har sun fara dogo. Ta juya ta dubi lambun, sai a lokacin ta lura: ƙarshen Afrilu, kowa a garin ya shuka nasa tun mako biyu, nasu ko kunya ɗaya ba a ja ba. Wata bakwai tana ta faman ɓoye masa tsoronta, ashe shi tuni ya gama lissafin wanda zai tona ba ya nan, ya yi shiru don kada ya ɗaga mata hankali.

Bai tambaye ta komai ba. Ya dai ɗago ya dube ta, idon nan nasa mai ruwan toka.

"Tsoho," ta ce, "me kake jira da dankalin nan?"

Ya dubi akwatunan.

"Za mu kai tono?"

"Kai ka zauna ka miƙo mini," in ji Telse, ta shiga rumbu ta ɗauko cebur.